Littafi Ɗaya, Ɗalibai Ɗari Uku: Ina Aka Kwana da Sashen Rizab a Jami'o'inmu?

Mako biyu kafin jarrabawa, babu inda ya kai shagon fotokofi cika a bakin ƙofar jami'a. Janareta na ruri, mai shago na jera takardu da hannu ɗaya yana karɓar kuɗi da ɗayan, ɗalibai sun yi dafifi kowa na miƙa tasa. In ka duba takardar da ake bugawa, ita ma kwafin wani kwafin ce. Baƙin ya dushe, gefen shafi ya yanke ya tafi da ƙarshen kowane layi, ga rubutun biro na wani ɗalibi da ya daɗe da gamawa. Tambayi mai riƙe da ita sunan littafin da aka ciro ta, sai ya ce maka wakilin aji ne ya kawo.

A cikin layin nan akwai 'ya'yan manoma daga Mawashi da Yashe da Kusada, da na Kankia da Rimaye. Kuɗin da ke aljihunsu na buhun gero ne ko na wake, wani ma akuyar mahaifiyarsa aka kai kasuwa. Shi ya sa kafin yaro ya miƙa takarda sai ya ƙirga shafuka, ya ware kuɗin motar komawa gida, sannan ya ce a buga masa babi biyu, sauran ya karanta a hannun aboki.

Sau da yawa kuma littafin asali yana nan a laburaren jami'ar, tafiyar 'yan mintuna daga shagon. Matsalar ita ce ɗalibi ɗaya ya riga ya are shi na mako biyu, ko kuwa wani mai wayo ya ɗauke shi daga kantar ilimin sinadarai ya cusa shi a bayan littattafan tarihi, inda shi kaɗai ya san wurin. Ma'aikatan laburare sun san wannan dabara, sun kuma san ta yage shafi da reza. Maganin da sana'arsu ta tanada tun da daɗewa shi ne sashen rizab.

Yadda abin yake aiki

Kusan kowane laburaren jami'a a Najeriya yana da wannan sashe a tsarinsa, kusa da teburin aro. Littattafan cikinsa ba a barin su a kantar da kowa ke iya kai hannu, suna bayan ma'aikaci. Kafin zangon karatu ya fara, malamin kwas zai aiko da jerin abin da yake so ɗalibansa su karanta. Ma'aikaci ya bi kantoci ya zaro su, ya manna masu alama, ya rubuta su ƙarƙashin lambar kwas da sunan malamin. Wanda laburare ba shi da shi, malami na iya ba da aron nasa na ƙashin kansa, a riƙe masa amana har ƙarshen zango. A nan ne kuma aka saba ajiye tsofaffin takardun jarrabawa da bayanan lacca.

Ɗalibi zai zo ya ajiye katin shaidarsa, ya sa hannu, a ba shi littafi na ɗan lokaci, galibi awa biyu, ya karanta a cikin ɗakin ba tare da ya fita da shi ba. Wasu wuraren suna yarda a tafi da shi gab da tashi, a dawo da shi da sassafe. Wanda ya makara, tararsa ta fi ta aron yau da kullum zafi, domin akwai mai jira.

Lissafin mai sauƙi ne. A aron da aka saba, littafi ɗaya mutum ɗaya yake amfana a mako biyu. A rizab, in laburare na buɗe awa goma sha biyu a yini, littafin nan zai iya ratsa hannun mutum shida kafin a rufe, fiye da talatin a mako. Kwafi uku kacal sai su ishi mutum ɗari. Kamar guga ɗaya ne a bakin rijiyar unguwa, kowa ya ja nasa ruwan ya miƙa wa na baya. A azuzuwan shekarar farko, inda kwasa-kwasan bai-ɗaya ke tara ɗalibai ɗari uku ko fiye a ɗaki guda, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Takardar sa hannun nan shaida ce. A ƙarshen zango mai kula da laburare zai iya nuna wa hukumar jami'a cewa littafi kaza an neme shi sau ɗaruruwa, wancan kuwa ko sau ɗaya ba a taɓa shi ba. Da wannan ne ya kamata a yanke shawarar abin da za a saya baɗi, maimakon a karɓi duk abin da ɗan kwangila ya sauke.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina

Wanda ya taso a zauren malamai ba zai ga sabon abu a nan ba. Katsina gari ne na karatu tun zamanin da masallacin Gobarau ke tara almajirai, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. A wancan lokaci takarda daga arewacin hamada ake kawo ta, da tsada, littafi kuma da hannu ake rubuta shi. Ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa ake barinsa tsakanin marfi biyu, a zura a gafaka. Saboda haka malami na iya zare 'yan warƙoƙi daga Risala ko Iziyya ya ba almajiri ya je ya kwafa, ya dawo da su kafin darasin gaba, yayin da sauran littafin ke hannun wani. Mutane da yawa suna cin moriyar kwafi ɗaya a lokaci guda, kuma sharaɗin bai wuce a dawo da shi yadda aka karɓa ba.

Da boko ya zo, Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ta riƙa horar da malaman Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta biyo baya a 1962, da laburarenta na Kashim Ibrahim, ta kuma yaye ɗimbin ma'aikatan laburare na wannan yanki. Waɗanda suka yi karatu a Zariya ko Bayero ko Sakkwato kafin tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980 har yanzu suna ba da labarin sammakon kama layi a teburin rizab.

Yau ɗan Mawashi ba sai ya je Zariya ba. Jami'ar Al-Qalam ta buɗe a Katsina a 2005, jami'ar jiha da yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa aka kafa ta a 2006, sai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, wadda daga Kankia ba wata doguwar tafiya ba ce. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Kankia. Kujerun karatu sun ƙaru ƙwarai. Littattafai ne ba su bi sahu ba.

Me ya rage wa kantar kaya?

Dalili na farko kuɗi ne, kuma tsohon ciwo ne. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 Naira ta fara zubewa, littafin waje ya fi ƙarfin laburare. Yarjejeniyar 1992 tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta kawo batun ware wa laburare kashi goma cikin ɗari na kuɗin gudanarwa, amma ma'aikatan laburare sun daɗe suna kukan cewa abin ya fi yawa a takarda. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a shekarar da ta biyo. Littafin likitanci ko na injiniya da ake bugawa a Ingila ko Amurka ya ninka kuɗi fiye da sau biyu. Na cikin gida ma bai tsira ba, tunda takardar da ake buga shi da ita daga waje take zuwa.

Abin da ke riƙe da laburaren jami'o'in gwamnati a yanzu shi ne asusun TETFund, wanda ke samun kuɗi daga haraji a kan ribar kamfanoni, yana kuma ware kaso na bunƙasa laburare. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa cikin rabon. Ko a na gwamnatin, sayayya ta fi kankama idan tawagar tantance kwasa-kwasai ta hukumar kula da jami'o'i (NUC) ta kusa zuwa. Kantoci su cika, a share ƙura, baƙi su duba su tafi.

Amma a ganina kuɗi ba su ne babban dalili ba, domin rizab an ƙirƙiro shi ne saboda ƙarancin littafi. Inda littafi ya wadata ba a buƙatarsa. Abin da ya fi yi masa illa shi ne yankewar zumunci tsakanin ofishin malami da laburare. Ma'aikacin laburare ba boka ba ne, ba zai san babin da za a koyar a mako na biyar ba sai an faɗa masa. In jerin karatu bai zo ba, sai kantar ta koma ma'ajiyar littattafan da ake tsoron a sace: masu tsada, da tsofaffin da suka fara rubewa. Ɗalibi ya leƙa sau ɗaya bai ga abin da ya shafi kwas ɗinsa ba, ba zai sake dawowa ba.

Handawut da tura-mini-a-waya

Gurbin da rizab ya bari, handawut ce ta fara cike shi. Asalinta taimako ne, malami ya taƙaita abin da ke cikin littattafan da ɗalibai ba za su samu ba. Daga baya a wasu wurare ta zama haja, har ana rubuta sunan wanda ya saya. Jami'o'i da yawa sun haramta sayar da ita, sai ta canza riga ta koma ɗan littafi mai bango wanda ake cewa ba dole ba ne, amma kowa ya san abin da ake nufi.

Illarta ta wuce ta aljihu. Ɗalibin da ya saba da shafi ashirin na taƙaitawa zai iya gama digiri bai taɓa bin hujjar marubuci daga farkon babi zuwa ƙarshe ba, bai taɓa ganin masana biyu sun saɓa a kan magana ɗaya ba. Ranar da aka ce ya rubuta kundin kammala karatu sai ido ya raina fata.

Sannan wayar hannu ta shigo. Yanzu kowane aji yana da zauren WhatsApp, a nan wakilin aji ke zuba fayilolin PDF. A gaskiya wannan ya taimaki dubban ɗalibai, musamman lokacin kullen korona na 2020 da yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022. Sai dai zaure ne marar mai tsaro. Bugun da ya tsufa, da littafin da shafukansa suka ɓace, da bayanan wata jami'ar da manhajarta ta bambanta, duk a haɗe suke. Kuma karatun shafi ɗari huɗu a fuskar waya mai tsagewa, da batirin da aka biya kuɗi aka yi wa caji a shago, ba kowane ido ke jurewa ba.

Masu cewa a manta da kanta a koma intanet gaba ɗaya ya kamata su tuna da watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma. Su tuna kuma da ƙarin kusan kashi hamsin cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya su yi a farkon 2025. Tsaro ma ya shiga lissafin ta wata fuskar. Bayan sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a watan Oktoban 2023, ba uban da zai so 'yarsa ta kai dare a hanyar laburare. Wannan hujja ce ta a faɗaɗa aron kwana, a bar ɗaliba ta tafi da littafi da la'asar ta dawo da shi da safe.

Kowa da nasa uzurin

Malamai suna da abin faɗa. Mutum ɗaya na ɗauke da kwasa-kwasai da dama, ga ɗaruruwan takardun dubawa, ga albashin da hauhawar farashi ta cinye. Wani lokaci sai zango ya fara ake sanar da shi kwas ɗin da zai koyar. Wanda ya sayo littafi da guminsa lokacin da ya je karatu Malesiya ko Masar yana tsoron ya ba da shi ya dawo babu babi na bakwai. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma laburaren da ke son amanar malamai dole ya riƙa duba littafi shafi-shafi a gaban wanda ya dawo da shi.

Ma'aikatan laburare su kuma suna cewa suna aika takardar neman jerin karatu zuwa sassa, amsa ba ta zuwa. Ga ƙarancin hannu, ga kuɗin wuta da ya tashi tun ƙarin farashin lantarki na watan Afrilun 2024, wanda ya sa jami'o'i da dama suka shiga taƙaita awannin wuta. Sai dai su ma akwai gyara a gefensu. Sabon ɗalibi ana zagaya da shi laburare sau ɗaya a makon farko, cikin cunkoso, shi ke nan. Yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye wadda ba ta da ɗakin karatu, kunya ma kan hana shi tambayar abin da ke bayan tebur.

Ɗalibai kuwa amsarsu gajera ce: abin da zai fito a jarrabawa suke nema. Muddin tambayoyi daga handawut ake ciro su kalma da kalma, ba wanda zai ɓata awa biyu a kan littafi.

Haƙƙin mai littafi

Akwai ɓangare na huɗu da ba ya cikin jami'a, wato marubuta da kamfanonin ɗab'i. Ajiye littafin da aka saya a kantar rizab ba shi da wata matsala a doka. Rigima na tasowa ne idan aka fara kwafar babi-babi, ko aka ɗauki hotonsu aka ɗora a kwamfuta don ɗalibai su sauke.

An kai ruwa rana a kan wannan a ƙasashen waje. A 2008 kamfanonin ɗab'i na jami'o'in Kambirij da Okusfod tare da Sage suka maka Jami'ar Jihar Jojiya ta Amurka a kotu kan babukan da take ɗora wa ɗalibai a intanet. Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara goma, kuma a mafi yawan abubuwan da aka yi ƙara a kansu kotu ta ga jami'ar ba ta wuce gona da iri ba. Ta Indiya ta fi kama da tamu. A 2012 manyan kamfanoni uku suka yi ƙarar wani ɗan shagon fotokofi mai suna Rameshwari da ke cikin Jami'ar Delhi, saboda yana haɗa wa ɗalibai babukan da malamai suka zaɓa. A 2016 babbar kotun Delhi ta ce kwafi don koyarwa yana cikin abin da dokar ƙasar ta halatta, kamfanonin kuma suka janye ƙarar a 2017.

A Najeriya sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi sassauci ga nazari da binciken da ba na kasuwanci ba, da laburare, da mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita. Ba ta ba kowa lasisin kwafe littafi sukutum ya sayar ba. Malamin jami'ar da ya kwashe shekaru yana rubuta littafin nahawun Hausa ko na noman rani shi ma yana da iyali. Rizab ya fi shagon bakin ƙofa yi masa adalci, domin aƙalla laburare ya sayi 'yan kwafi, kuma ɗalibi ya ga sunansa a bango.

Abin da ba ya buƙatar kwangila

Yawancin gyaran nan ba sai an jira Abuja ba. Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta tilasta wa sassa sake duba kwasa-kwasansu, ta bar wa kowace jami'a kashi talatin cikin ɗari ta tsara da kanta. Lokacin da ya fi dacewa ke nan a ce kowane kwas ya zo da jerin karatunsa, ko da littafi uku ne, a miƙa wa laburare kafin a buɗe zango, shugaban sashe ya sa hannu. Majalisar malaman jami'a na iya zartar da wannan a zama ɗaya.

Kayan aiki ma akwai na kyauta. Manhajar kwamfuta ta Koha, wadda laburare da yawa a ƙasar nan ke amfani da ita, tana da ɓangaren rizab a cikinta. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice ta Amurka, na lissafi da kimiyyar halittu da sinadarai da tattalin arziki, an sake su ne don kowa ya sauke ya buga ba tare da biyan ko kwabo ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ta zuba bayanan kwasa-kwasanta a intanet. Shirin Research4Life na buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dubban mujallun bincike. Laburare zai iya buga kwafi biyar na irin waɗannan ya ɗinke ya ajiye a kanta, ya kuma zuba su a kwamfuta ɗaya ta cikin gida da ɗalibi zai kwasa a wayarsa ba tare da data ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai na Kankia da Kusada, da tsofaffin ɗaliban da Allah ya buɗa wa, su ma suna da rawar takawa. Kuɗin da ake kashewa a walimar yaye ɗalibai da buga kalanda zai sayi littattafan shekarar farko da yawa. A tambayi mai kula da laburare waɗanne aka fi nema, a saya, a ba da su da sharaɗin a sa su a rizab. Malamin da ke karanta wannan kuma, kafin zango mai zuwa ya fara, ya rubuta sunayen littattafai uku a takarda ɗaya ya kai teburin aro da kansa, sannan ya faɗa wa ajinsa a laccar farko cewa suna can.